Tiyatar Rauta Da Tsinken Sakace

A gidanmu ni ne injiniya. Ban yi karatun fannin ba, muƙamin ya same ni ne tun ranar da talabijin ya ƙi kawo hoto, na zare filogi na mayar, ya kawo. Daga ranar duk wani kayan wuta da ya yi gardama ni ake kira, ni kuma ban ga dalilin ƙin amsa sunan da ba ni na raɗa wa kaina ba.

Rautar falonmu irin wadda ake saka wa layi ce, fara, mai eriya biyu da fitilu a jere a goshi. A kasuwar waya ta Farm Centre na saye ta, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ita ke shayar da kwamfutata, da wayata, da ta uwargida, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da yara ke kallon katun a ciki.

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, muna da azumi uku a hannu, na huɗu a baki. Wanda ya san Kano a watan Maris ba sai an yi masa bayanin rana ba. Akwai wani aiki da na yi alkawarin aika wa wani ofis kafin la'asar, na kammala shi tun bayan sahur, dannawa kawai ta rage. Da hantsi na danna. 'Yar da'irar nan ta fara juyi. Na leƙa tsakar gida na dawo, tana juyi. Na yi wa yara faɗan da ba su san dalilinsa ba na dawo, tana nan tana abu ɗaya.

Na duba waya, alamar waifai cike take fal. Wannan alama mai faɗin rabin gaskiya ce. Iyakar abin da take nunawa shi ne yadda wayarka ke jin akwatin da ke falonka. Abin da ke tsakanin akwatin da turken sabis na unguwa, da abin da ke tsakanin turken da sauran duniya, babu ruwanta. Kana iya wuni da alama cike alhali ko sallama ba ta fita daga gidan ba.

Sai na koma ga aikin da ya yi mini suna: kashewa, ɗan jira, kunnawa. Kada a raina wannan dabara. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kanta yakan cushe, in an kashe ta an kunna kuma sai ta sake gabatar da kanta ga turke tun daga farko. Fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Can sai ƙit, saƙon WhatsApp ya faɗo, na dandalin 'yan ajinmu, wani yana yi mana barka da shan ruwan jiya. Na yi wa uwargida kallon "kin dai gani". Na koma kan kwamfuta. Da'ira.

A nan masifar ranar take. Da intanet ɗin mutuwa ya yi murus, da na haƙura na kwanta. Amma numfashi yake yi sama-sama. Duk abin da na taɓa, bayan ɗan lokaci sai wani guntun saƙo ya kutso, ni kuma in ɗauka aikina ne ya ci.

Na cire layin daga rautar na saka a waya, na danna *323#, aka ce data na nan daram. Sai gabana ya faɗi da na tuna a ƙarshen Fabrairu aka fara rufe layukan da ba a haɗa su da lambar NIN ba. Na danna *996#, aka ce a haɗe yake. Na kira 300, wata murya mai sanyi ta yi ta tabbatar mini cewa kirana na da muhimmanci a wurinsu, ta saka mini kiɗa, ni mai azumi, har kunnena ya yi zafi ban ji muryar ɗan Adam ba.

"Malam, ko zafi ta ji?" in ji uwargida daga ƙofar kicin. "Ni ma tun ɗazu kaina ke sarawa."

Na so in yi dariya, sai na taɓa bayan akwatin na ji rau. Maganarta na kan hanya, domin kayan lantarki in sun yi zafi sukan rage aiki don kada su ƙone. Ban dai nuna mata na karɓa ba. Na bari ta shige, na ɗauko mafici na zauna ina yi wa rauta fifita, ni ina zufa ita tana shan iska. A haka auta ya same ni, ya tsaya ya kalle ni, ya koma ciki yana kiran uwarsa ta zo ta gani.

Daga nan aka shiga yawo. Na san bango na cin sigina, musamman bangon siminti mai rodi, kuma rauta ta fi son sarari da tudu a kan lungu. Na kai ta taga. Na ɗora ta a kan kabad. Na jona waya a kan waya, soket a kan soket, na fito da ita tsakar gida. Ƙarshe dai na aro tsani a maƙwabta na hau saman kwano da tsakar rana, rauta a hannun dama, waya a hagu, babban ɗana a ƙasa yana riƙe da mahaɗar wayoyi. Takalmin roba na saka, kuma sai da na taka kwanon na gane dalilin da ya sa masu rufi ba sa aiki da azahar. Ina tsaye ina sauya ƙafa sai ƙit, ƙit, saƙo biyu a jere. Na ɗaga murya na sanar da gida cewa an gano ciwon, tudu take so. Wani dattijo da ke wucewa ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ai an ga wata tun ranar Lahadi."

Na sauko tafin ƙafata na raɗaɗi, aiki bai tafi ba.

Idan ba zafi ba ne, ba bango ba ne, to mutum ne. A ƙofar gidana akwai majalisar samari, benci guda a gindin darbejiya, kullum kawunansu a sunkuye kan waya, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya je sayen kati ba. Na daɗe ina ajiye wannan a raina. Na buɗe kwamfuta na rubuta 192.168.0.1, adireshin da ke kai mutum cikin cikin rautar ko da babu intanet, na shiga jerin na'urorin da ke jone. Ga tawa, ga ta uwargida, ga kwamfuta. Ga kuma wata ta huɗu mai suna haruffa da lambobi a cakuɗe, tana zuƙar data hankali kwance.

Na saka hula na fita.

"Samari, sannunku da ibada."

"Yauwa Baba, ya ƙishirwa?"

"Ƙishirwa da sauƙi. Wanda ya san yana kan waifai ɗina ya sauka da girma da arziki, kafin in sauke shi."

Suka kalli juna. Wani dogo a cikinsu, wanda ke gyaran waya a bakin titi, ya ce, "Wallahi Baba, mu ma tun safe sabis ke wasa da mu. Ka duba ka gani." Ya miƙo waya. Ban karɓa ba. Ɓarawo ai ba ya rasa shaida. Na koma ciki na danna toshewa a kan baƙuwar na'urar, na jingina da kujera ina jiran in ji wanda zai yi tsaki a gindin darbejiya.

Kukan daga uwar ɗaka ya fito. Katun ya tsaya. Baƙuwar na'urar tsohuwar wayar yara ce, kuma ashe tun safe suke kallonsu lafiya lau, ni ina saman kwano. Dalilin haka ma akwai shi: manyan kamfanoni irin su Google sukan ajiye kwafin bidiyoyin da aka fi kalla a rumbuna a nan cikin ƙasa, don haka katun ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya iso. Saƙona ne ke da doguwar tafiya. A lokacin dai abin da na fahimta shi ne rauta ta zaɓi ɓangare, ta bi yara ta bar mai sayen data.

To, tunda abin ya zama raini, sai tiyata. A bayan kowace rauta akwai wani ɗan rami da yatsa ba ya shiga, a cikinsa akwai maɓallin da ke shafe duk abin da aka taɓa koya mata, ya mayar da ita yadda ta fito daga kwali. An ɓoye shi a rami ne da gangan, don kada a taɓa shi cikin fushi. Na shiga kicin na buɗe kwaba na zaro tsinken sakace.

"Malam," in ji uwargida, ta ajiye ludayi, "mai azumi da tsinken sakace da rana tsaka? Me ka ci?"

Ban tanka ba. Na zura tsinken, na danne kamar daƙiƙa goma, fitilu suka mutu gaba ɗaya, suka farfaɗo. Sunan da na raɗa wa waifai ɗin ya ɓace, sunan kamfani ya dawo. Waya ta nemi kalmar sirri. Na saka tawa, ta ƙi. Daidai ne, ai an shafe ta, yanzu sai ta asali, wadda ke rubuce a 'yar takardar da ake mannawa a ƙarƙashin akwatin. Na kifa rautar. Babu takarda. Sai shatin gam mai kusurwa huɗu, ya yi baƙi da ƙura, da guntun gefe ɗaya da ya rage mai ɗauke da haruffa biyu. Na ɗaga kai na kalli auta. Auta ya kalli silin. Kwalin kuwa an daɗe da hura gawayi da shi.

Da safe ina da intanet mai numfashi sama-sama. Yanzu ina da akwatin da na saya da kuɗina, yana falona, yana shan wutata, ya kulle ni a waje.

Bayan la'asar aka aike ni sayen ƙanƙara, domin ko injiniya ba ya tsallake wannan aike a watan azumi. Mai ƙanƙara ya ce in kuɗi ne a hannu bismilla, in turawa ce in haƙura, tun safe babu wadda ta shigo. Mai POS na kusa da shi ya kifa na'urarsa a kan tebur yana gyangyaɗi. A shagon tela kuwa mutane sun yi cirko-cirko a kan rediyo, a nan na ji abin da ya faru. Manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Tekun Atlantika sun lalace a gaɓar Kodebuwa, daura da Abijan. Kodebuwa da Laberiya da Benin da Gana da Burkina Faso duk sun shiga duhu ko dishi-dishi, Najeriya ta taɓu, abin har Afirka ta Kudu. Bayanin farko da aka bayar daga baya shi ne ƙasa ce ta motsa a can ƙasan teku.

Na tsaya da ledar ƙanƙara tana ɗiga a kan ƙafata mai ƙuna. Mu da muke ganin saƙo a iska yake tafiya, ashe iskar ba ta wuce daga waya zuwa turke ba. Daga nan sai waya a cikin ƙasa, kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, daga Legas ta nutse cikin ruwa ta nufi Turai. Kusan duk abin da ke ƙetarawa tsakanin nahiyoyi ta irin waɗannan wayoyi yake bi, kuma a can cikin zurfi kaurin kowace bai wuce tiyon ban ruwan lambu ba, da zaren gilashi siriri a tsakiya. Gyaranta sai jirgin ruwa na musamman ya je ya lalubo ta, ya jawo ta sama, a ɗinke a mayar. Ni kuma na tunkare ta da mafici da tsani.

Ofishin da nake ta fargabar saɓa wa alkawari, su ma wuni suka yi suna kallon tasu da'irar. Babu wanda ya lura ban aika komai ba.

Gyaran wayoyin ya ɗauki makonni, amma cikin 'yan kwanaki kamfanoni suka karkatar da zirga-zirga ta waɗanda suka tsira, ciki har da Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022. Unguwa ta farfaɗo. Mai POS ya tashi daga barci, majalisa ta koma sunkuye. Gida ɗaya ne ya rage babu intanet, gidan injiniya. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai duk sanda ta zo wucewa ta gaban rautar takan ɗan tsaya ta yi mata sannu.

Daren da yara suka fara maganar komawa gidan kakarsu saboda can akwai katun, na tsaya a gindin darbejiya bayan asham na yi gyaran murya. Dogon nan ya taso da ladabinsa, ko alamar ya tuna maganarmu bai nuna ba. Ya shigo da wata shuɗiyar waya a naɗe a hannu, ya soka baki ɗaya a bayan rautar, ɗaya a kwamfuta. Ta waya ba a tambayar kalmar waifai. Ya rubuta adireshin nan, shafin ya nemi suna da mabuɗi, ya rubuta admin sama, admin ƙasa, ƙofa ta buɗe. Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba.

"Baba, wace kalma za a saka?"

Na matso kusa da kunnensa na faɗa masa a hankali, harafi bayan harafi, har da manyan baƙaƙe da lambobi, yadda masana suka ce a yi don kada ɓarayi su canka. Ya rubuta, ya maimaita mini don a tabbatar. Na ciro kuɗi, ya rantse ba zai karɓa ba, wai ai ni uba ne.

Washegari benci ya bar gindin darbejiya ya dawo ƙarƙashin tagar falona, wai can sauro ya yi yawa. Na buɗe jerin na'urori, sai da na ja shafin ƙasa kafin in ga ƙarshensa. Ta ƙarshen ma mai ita ya sauya mata suna, ya rubuta "Allah ya ƙara arziki Baba".