Shinkafar Japan ta sauka a Ƙauran Namoda

Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda yana kwasar gyaɗa da auduga. Yau wayar hannu ce ke dako, kuma kayan da ta sauke wa amarenmu a bana girkin Japanawa ne da ake kira donburi: shinkafa a kwano, a juye mata laimar kwaɗi da albasa da ƙwai a kai. Mai koyar da girkin a bidiyo ta rantse minti 10 an gama. Da gani ba ta taɓa hura ɗanyen ice da damina ba.

Shinkafar Japanawa gajera ce, idan ta dahu sai ta cuɗe ta kama juna. To ai shi ne halin 'yar gida da ake aunowa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, wadda amarya ta sha yi wa tsaki tana cewa caɓewa take yi. Da aka rufe iyakoki a 2019, har zaman makoki aka yi wa 'yar waje mai warara. Yanzu da caɓewar ta fito daga Tokiyo, ta zama wayewa.

Sai laimar kwaɗi. Japanawa noma tasu suke yi, suna da irin da suke kira shitake. Mu kuwa tamu a kan juji da gindin ruɓaɓɓen icce take tsirowa, kuma a cikinta akwai mai dafin da ke kai mutum kushewa. Yaron da aka hana ko taɓa ta tun yana rarrafe, shi ake aika yanzu ya nemo ta gwangwani a kanti, da kuɗin da zai sayi rabin kaza.

Romon nasu na ciyawar teku ne da busasshen kifi, sai wani ruwan zaƙi, mirin, wanda akwai giya a cikinsa. Wannan kam an tsallake shi, alhamdu lillahi. Tekun ma ba ta biyo ta Zurmi ba, don haka amarya ta jefa dunƙule biyu da kifi banda, ta faki ido ta ƙara daddawa, wadda take cewa tana sa mata ciwon kai.

Rigimar tana wajen ƙwai. Ƙa'idar girkin a sauke shi yana ruwa-ruwa. Uwar miji ta leƙa kwano ta ce, "Ke ɗiyar nan, ƙwan ga bai nuna ba, maida shi bisa wuta." Amarya ta ce, "Inna, haka suke ci." Inna ta ce Allah ya ba su lafiya, ta aika a sayo mata hoce.

Maigida fa? An miƙa masa tsinke biyu da kwanon da bai kai na shan koko ba, aka ce ya dakata a ɗauki hoto tukuna. Kafin a gama saka shi a WhatsApp abinci ya huce, ga baƙi uku sun yi sallama a zaure. Ya ce musu bismillah don kunya, su kuma ba su ji kunyar amsawa ba.

Amare, a dafa, babu laifi. Amma a dafa mudu biyu, a bar ƙwai ya nuna, a kuma bai wa maigida cokali.