Fam a Takarda, Naira a Zuci

Tun ranar da ƙanina ya samu aikin jinya a Manchesta, danginmu suka zama masana lissafi. Kowa ya ɗauki waya yana juya albashinsa daga fam zuwa naira, har Gwaggo ta fara tambayar kuɗin kujerar Makka.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne, a Ingila gwamnati ce ke fara cin tuwon kafin mai tuwo ya wanke hannu. Fam 12,570 na farko a shekara ne kawai ba a taɓawa. Abin da ya haura, a yanke kashi 20 cikin 100, sannan a cire na inshorar ƙasa. Mai gida ya karɓi haya, ƙaramar hukuma ta karɓi harajin zama a gidan da ba nasa ba. Ko talabijin zai kalla kai tsaye, sai ya sayi lasisi. A lokacin sanyi kuwa, na'urar ɗumama ɗaki ta fi shi cin abinci.

Da na kira shi na ce, "Ƙane, yaya Turai?" sai ya ce, "Yaya, lafiya lau, sai dai albashin nan ina ganinsa ne kamar watan sallah, a hango shi da yamma, kafin isha ya ɓace."

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gwaggo, a ƙara haƙuri da kujerar nan.