Jama'ar Cikin Kwalekwale a Kogin Wudil

Gada tana nan a Wudil, motocin Maiduguri na bi ta kanta dare da rana, amma wanda gonarsa ke tsallake, nesa da gadar, kwalekwale ne motarsa. Ranar Juma'a ta kasuwa kuwa, kuɗin fito kaɗai za ka biya, kallo kyauta ne.

Akwai Alhaji Mun-Saba. A bakin gaɓa yana shaida wa kowa cewa shi a ruwa aka yanke masa cibi. Da jirgi ya ɗan karkata, sai ka ga ya damƙe kafaɗar yaron da bai taɓa gani ba, hula ta koma ƙeya.

Inna tun kafin ta tattare zani ta fara salati, idonta a rufe har tsallake. Wajen canji ne kawai take buɗe shi, kuma naira hamsin ba ta taɓa wuce ta ba.

Mai akuya ya dage cewa akuya kaya ce, ba fasinja ba. Ana cikin gardamar, kayan ya cinye rabin alayyafon Inna.

Wanda na fi so shi ne ɗan jami'a. Ya gama ɗaukar kansa hoto, sai ya juyo ya fara karantar da mu mashigin ruwan Panama da aka buɗe a 1914: yadda jirgi ke shiga wani wawakeken ɗaki, a rufe ƙofofi, a tura ruwa ta ƙasa, ya yi ta hawa mataki-mataki har kusan mita 26. Gaskiya ya faɗa, ba ƙarya ko ɗaya. Wani dattijo ya saurare shi tsaf, sannan ya miƙa masa yankakkiyar jarka ya ce, "Ɗana, kafin a kawo mana ƙofofin, kwashe wannan da ke taruwa a ƙafarka."

Sai masanin ruwa, wanda tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 bai sake neman wani mai laifi ba. Ruwa ya cika, an saki Tiga. Ya janye har masu ɗibar yashi sun shiga tsakiya, an riƙe Tiga. In ka matsa masa, ya haɗa da madatsar Challawa.

Mai labarin kifewar jirgi kam, Allah Ya shirye shi. Ba ya buɗe baki sai an kai daidai inda gorar tuƙi ta daina taɓa ƙasa.

Shi kuwa mai fito bai ce wa kowa uffan ba. Maganarsa ɗaya ce, tun a gaɓa ya yi ta: "Saura mutum ɗaya." Ya faɗe ta muna shida, ya maimaita muna goma sha ɗaya, sannan aka hango wani yana gangarowa da babur.