Takalmi Sau-Ciki a Ƙasar Rairayi

Jihar Maraɗi ba baƙuwar fata ba ce, domin jar akuyar da ake kira da sunanta, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo ta musamman a birnin Maraɗi a 1963, tana cikin dabbobin da fatarsu ta yi suna saboda laushi da ƙwari. Tun zamanin ayarin raƙuma majema suke jeme irin wannan fata da bagaruwa, a tsallaka Sahara da ita, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, Turawa su kira ta fatar Maroko. Sai dai sanin fata daban, riƙon takalmi sau-ciki daban, wato takalmin da ke rufe ƙafa ruf a ɗaure shi da igiya, kamar yadda abin da ya sami wani malamin makaranta a Dakoro, wanda shi ne mai wannan rubutu ko da yake ba ya son a yawaita faɗa, zai tabbatar.

Masana takalmi sun haɗu a kan cewa da yamma ake gwada shi, saboda ƙafa tana ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini, kuma ana barin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Lambar da ake bugawa a tafinsa, a ma'aunin Faransa, kowace ɗaya tana daidai da kashi biyu cikin uku na santimita, tazarar da ido ke rainawa amma dunduniya ba ta rainawa. Malamin da ake magana a kansa ya shiga wani kanti a Maraɗi da sanyin safiyar hunturu, lokacin da ƙafarsa take a takure, ya ga baƙin takalmi na fatar maraƙi wanda aka ɗinke tafinsa da zare maimakon a manna shi da gam, alamar aikin ƙwarai ke nan. Ƙafarsa lamba 43 ce, abin da ya rage a kantin kuwa 42. Mai kanti ya ce masa: "Mushe, ai fatar kirki ita ke bin ƙafa, kwana kaɗan za ta buɗe." Wannan magana rabinta gaskiya ce, domin fata tana buɗewa ta faɗi, amma ba a taɓa jin ta ƙara tsawo ba. Aka yi ciniki a jika talatin da biyar, wato sefa dubu 35, ya biya abin da ya sawwaƙa, sauran ya zama bashi.

Dakoro, wadda Faransawa suka mayar da ita mazaunin mulki a 1947, tana sama da kilomita 100 arewa da Maraɗi, a gaɓar da noma ke haɗuwa da kiwo kusa da kwarin Tarka, kuma da zarar mutum ya sauka daga babban titi rairayi ne zai karɓe shi. Tafin fata, wanda aka yi shi domin daɓen siminti da kafet ɗin ofis, ba shi da abin kama ƙasa, saboda haka kowane taku biyu sai rairayin ya karɓe ɗaya. Ƙarangiya kuma, ciyawar nan mai ƙayoyi masu maƙalewa da ta cika jejin yankin, ta sami igiyar takalmi da safa a matsayin abin hawa kyauta. Ranar da malamin ya fara fita da shi, zuwa wani ɗaurin aure a bayan gari, ya isa yana tafiyar hawainiya, dunduniyarsa ta yi bororo, jama'a kuma suka ɗauka natsuwa ce irin ta manyan ma'aikata, har wani dattijo ya yaba masa.

A nan ne babbar matsalar ta bayyana, wadda maƙeran takalmin ba su yi lissafinta ba: Bahaushe yana cire takalmi sau biyar a yini domin salla, ban da shiga zaure, hawa tabarma, da gaida surukai. Yayin da masu fade, wato takalmin gargajiya mai buɗaɗɗen baya, suke zare ƙafa su wuce, malamin yana durƙushe a bakin tabarma yana kwance igiyar da ƙarangiya ta ɗinke, kuma kafin ya gama an shafa fatiha an fara rabon goro. Da aka tashi salla sai ya zaɓi sahun ƙarshe, inda zai iya hango takalmin da wutsiyar ido, al'amarin da malaman fiƙihu ba za su rasa abin cewa a kansa ba.

Batun kulawa shi ne ya ƙarasa lamarin. Jemammiyar fata ta rabu da jikin da ke ba ta maiƙo, don haka iskar hunturu tana tsotse danshinta har ta fara tsagewa a inda ƙafa ke lanƙwasawa. Man goge takalmi irin su Kiwi, wanda aka fara sayarwa a Ostiraliya a 1906, mai ɗauke da kaki da rini ne, yana sa sheƙi amma ba ya ratsa fata sosai, kuma idan aka shafa shi a kan ƙura sai ya zama taɓo. Wani maƙwabci mai son alheri ya ba da shawarar man shanu, wanda ba ya wuya a garin da Fulani ke kawo shi kasuwa, malamin kuwa ya shafa shi da hannu sake, ya shanya takalmin a rana domin man ya shiga. Ya shiga ƙwarai. Washegari ƙudaje suka raka shi aji, 'yan makaranta na layin gaba suka riƙa kallon juna. Da dare, da yake ba shi da ƙafar katako, wato itacen da ake sassaƙawa da siffar ƙafa a cusa cikin takalmi don kada ya lotse, sai ya cusa tsofaffin takardun jarrabawa, ya ajiye shi a ƙarƙashin gado. Ɓera ya cinye harshen na hagu da rabin bayansa, ya yi sheƙa da takardun a cikin na dama. Uwargida, da ta ga abin da safe, ba ta ce komai ba sai: "Malam, da ka faɗa mini miya kake yi, da na ƙara maka daddawa."

Tsohon badukun da aka kai wa gyara ya juya takalmin, ya sansana, ya ja zaren tafin da farce, sannan ya ce: "Ɗana, wannan fata ce ta gaske, ɓeran ma ya san abin da ya ci." Fatawarsa ga mazauna wannan yanki ita ce a sayi takalmi da yamma, marar igiya, mai tafin roba, a kakkaɓe ƙura da busasshen ƙyalle kafin a shafa komai, a taɓa man kaɗanya kaɗan a bar shi a inuwa, kuma a rufe shi cikin akwatin ƙarfe. Daga nan ya yanke bayan takalman biyu domin su yi daidai, ya naɗe bakin ya ɗinke, abin da ya warware matsalar lamba 42 da ta igiya a lokaci guda, ya karɓi jika biyu. Malamin yana sa su yanzu zuwa masallaci ba tare da wata wahala ba, mai kantin Maraɗi kuwa har yau yana binsa jika goma.