Makokin Mai Agashe a Alsahafa

A unguwar Alsahafa mai agashe ba ya yin suna sai ya rufe. Muddin yana bakin titi yana fifita garwashi, ba abin da kunnensa ke ji sai ƙorafi: nama ya yi tauri, ƙuli ya yi yawa, yaji ya yi lami, tsinken bana ya rame. Ranar da aka wayi gari babu hayaƙi a kwanarsa, nan take ya zama gwanin da ba a taɓa yin irinsa ba tun daga Mayo har Bahri.

Haka ta faru da na layinmu. Yanzu in ka zauna wurin mai shayi bayan magariba, sai ka rantse wani babban malami aka rasa. Wannan ya ce kakan mutumin da ƙafa ya taho daga Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, da sirrin yajin ƙulle a bakin rawani. Wancan ya ce ina, a Mai Wurno aka yanke wa ubansa cibi, can kusa da Sinnar. Alhali duk shekarun da bawan Allah ya yi yana shan hayaƙi, ba wanda ya taɓa tambayar asalinsa. Tambaya ɗaya ake yi masa: "Baba, ba gyara?"

An kuma yi ittifaƙi cewa yaƙi ne ya tashe shi. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya rufe shaguna ba iyaka, ya raba mutane da gidajensu, wannan ba abin raha ba ne. Amma Baba ya naɗe tabarmarsa tun kafin a harba harsashin farko. Littafin bashi ne ya kore shi. Duk wanda ka ji muryarsa ta fi ta kowa rawa wajen yabon Baba, to shafinsa ne ya fi tsawo. Su ne 'yan "rubuta, sai ƙarshen wata". Da zamani ya ci gaba suka koma "yanzu zan turo ta Bankak", su ciro waya su yi ta latsawa da fuskar gaskiya har tsinke na biyar ya wuce maƙogwaro.

Sai kuma neman magaji, wanda ya mai da kowa masani. Wani zai ja ka gefe ya rage murya: ka miƙe Sahafa Zalat, ka nufi Suƙul Markazi, a bayan Mina Barri akwai wani yaro da ya yi wa Baba wankin tire, hannunsu ɗaya. Ka je ka tarar da mai gyaran taya. Masu ƙarfin hali kuwa har tawaga suke haɗawa, a ɗauki shatar amjad, a tsallaka Farin Nilu zuwa Umdurman, a dangana da kasuwar Gandahar inda nama ya yi gida. Kuɗin motar kaɗai ya isa ya share rabin shafin kowannensu. A can ba wanda ya san su balle ubansu, don haka lakadan suke biya, har da godiya. Su ci, su ƙara, su matse lemun tsami a kan albasa, su suɗe shatta, su kora da jabana. Sai an yi gyatsa sannan babbansu zai girgiza kai ya yanke hukunci: "Ba laifi, amma ba kamar na Baba ba."

Har waɗanda gudun hijira ya kai Alƙahira da Port Sudan ba su bar wannan fatawa ba. Duk mai gashin da suka samu sai sun ɗora shi a sikelin Baba, ya kuwa faɗi.

Matan unguwa ne kaɗai ba su shiga makokin ba, kuma suna da hujja. Yawancinsu labarin agashen suka sani, sai ƙamshinsa a hannun rigar maigida, wanda kan shigo yana goge baki yana cewa yau dai cikinsa ba daɗi, a ajiye tuwon sai da safe.

Abin da ba a son faɗa shi ne, wani saurayi ya kafa tire a kwanar da Baba ya bari. Namansa yanka ne na ranar, ƙulinsa ba gauraye, yana kuma jera tsinkunan a kewayen wuta su gasu a hankali yadda ake yi tun asali. Laifinsa ɗaya: ya rataye kwali ya rubuta "ba bashi" da Larabci da Hausa, don kada wani ya ce bai gane ba. Tun daga ranar nan majalisar mai shayi ta gano cewa yajinsa na sa ƙwannafi.

Ni dai na ci, lafiyata ƙalau. Jama'ar Alsahafa, mai son agashe ya taho da kuɗinsa a hannu, yaron yana hura wuta bayan la'asar. Masu shafi a littafin Baba kuma, Baba na nan da ransa, kuma lambar wayarsa ba ta canja ba.