Masu Neman Cin Ƙasar Sin da Barade Uku

A gidajen gem na Gusau da Tsafe da Bungudu, ƙwallo ce ke mulki. Yaro ya biya kuɗinsa, ya ɗauki Madrid ko Barcelona, cikin minti goma an san wanda ya sha kashi, na bayansa ya karɓi hannu. Amma akwai wasu 'yan tsiraru, yawancinsu ɗalibai masu tsohuwar laftof da suka gada wurin yaya ko kawu, da suka kamu da wani wasa daban, wanda ba a gama shi a zama ɗaya, ba a gama shi ko a mako ɗaya. In an yi hutu suka koma gida, 'Yankuzo ko wani gari na kewayen Tsafe, wasan na cikin jaka tare da caja, domin ba ruwansa da data. Wanda ya ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, ya san wannan ba ƙaramar falala ba ce.

Sunan wasan Romance of the Three Kingdoms. Kamfanin Koei na Japan ya fara fitar da shi a 1985, na goma sha ɗaya ya fito a 2006, kuma shi ne tsohuwar kwamfuta ke ɗauka ba tare da ta yi nishi ba. Akwai ɗan'uwansa Total War: Three Kingdoms, wanda Creative Assembly na Ingila ya fitar a 2019, amma wannan sai kwamfutar 'ya'yan masu hali. Duka biyun daga tarihi guda suka sha: rugujewar daular Han a ƙasar Sin. A 184 talakawa masu ɗaura rawani rawaya suka yi tawaye. A 189 wani janar mai suna Dong Zhuo ya kame babban birni Luoyang. A 190 gwamnoni suka yi masa taron dangi, daga nan kowa ya koma jiharsa ya zama sarkin kansa. Marubuci Luo Guanzhong ya mai da wannan rikici littafin labari a ƙarni na 14, wasan kuma ya ɗebi tarihin da almarar ya gauraya.

Tsarinsa ba wuya a faɗa. Ana ba mutum birni, da zinare, da hatsi, da sojoji, da barade. Kowane barde yana da maki daga 1 zuwa 100 a jarumta, da basira, da iya mulki, da sauransu, sannan yana da makin biyayya, wanda ke sauka in ba a kula da shi. Mai hankali yakan ɗauki Cao Cao ko Yuan Shao ko gidan Sun, inda barade suka yi yawa har ba a san aikin da za a ba wasu ba. To amma akwai ranar da nasara ke gundurar mutum, sai ya gangara ƙasan jerin sunaye, ya zaɓi wani gwamna mai birni ɗaya da barade uku ko huɗu, waɗanda babu na kirki a cikinsu. A nan ne ake sanin halin kowa.

Na farko shi ne mai zafin kai. Ya ɗauki Han Fu, gwamnan jihar Ji, ya dubi taswira, ya ga Yuan Shao a maƙwabtaka, ya ce, "Wanga suna ne kawai gare shi." Tun wata bai kama ba ya kwashe sojojin garin kaf, ya ɗora Pan Feng a gaba. Shi kuwa Pan Feng, abin da aka san shi da shi a littafin bai wuce cewa ubangidansa ya cika baki da shi, ya fita karawa da Hua Xiong, ba a jima ba aka kawo labarin an sare shi. Sau da yawa ma abokin gaba ba ya samun ladan kashe rundunar mai zafin kai, domin ya manta bai ɗora mata isasshen guzuri ba. Tana tsakiyar hanya hatsi ya ƙare, lambar sojoji ta riƙa zubewa da kanta, shi yana ta danna linzamin kwamfuta yana cewa na'urar ce ta haukace. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Abin da kawai za a yaba masa shi ne ya fi Han Fu na ainihi zuciya, domin shi wancan, yana da mutane irin su Ju Shou da Zhang He a hannunsa, tsoro ya sa ya miƙa wa Yuan Shao jihar a 191 ba tare da an gwabza ba.

Kishiyarsa shi ne manomi. Wannan ya fi son Gongsun Du, can lungun arewa maso gabas, inda babu mai bi ta ƙofar gidansa. Gona zai gina, ya ƙara kasuwa, ya ƙara gona, ya gyara ganuwa, ya duba rumbu, ya yi murmushi, ya danna a wuce zuwa kwanaki goma na gaba. Shekara ashirin ta wasa za ta wuce bai harba kibiya ko ɗaya ba. Abokai su gaji su ce, "Malam, yaushe za a fita yaƙin?" Ya ce sai an yi girbi. An yi girbi, ya ce sai farashin hatsi ya tashi a sayar a sayi dawakai. Duk wanda ya taso a gidan da ake cika rumbu da gero da dawa ya san daga inda wannan hali ya fito, kuma ba wauta ba ce zalla: zuriyar Gongsun ta riƙe yankin Liaodong kusan shekara 50, sai a 238 Sima Yi ya je ya share ta. Matsalar manomi ita ce yayin da yake tara hatsi, Cao Cao yana tara birane. Ranar da runduna ta iso, duk abin da ya tara ya zama guzurin baƙi.

Sai malami, wanda ya zaɓi Kong Rong na Beihai don an gaya masa jikan jikokin Confucius ne. Wasan na 2006 yana da fagen muhawara, inda masana biyu ke kafsawa da hujja maimakon takobi, kuma a nan malami ya fi auki. Zai kayar da jakadan abokin gaba a magana, ya juyo yana duban 'yan kallo don a yaba, alhali ana fasa masa ƙofar gari. Ya yi gadon gaske. Littattafan tarihi sun ce da Yuan Tan ya yi wa Beihai ƙawanya a 196, Kong Rong na zaune yana karatu yana hira, kibau na zuba, har garin ya faɗi da dare ya tsere ya bar iyalinsa. Baki ne kuma ya yi ajalinsa, Cao Cao ya sa aka kashe shi a 208.

Ɗan kamun ƙafa ya fi su duka dogon lissafi. Karin maganarsa guda ce: faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Zinaren da ya kamata ya ɗauki sojoji da shi, sai ya ɗora wa jakada ya kai gaisuwa wurin babban maƙwabci. Ya ƙulla amana da na gabas, ya ƙulla da na yamma, ya riƙa ƙirga watannin da suka rage wa kowace yarjejeniya. Yana iya daɗewa a haka, har ranar da wa'adi biyu suka cika lokaci guda baitulmali kuma babu ko anini. Wani lokaci ya yi wayon gayyato ƙaƙƙarfa ya tare masa wani ƙaƙƙarfan, abin da Liu Zhang na jihar Yi ya yi ke nan a 211 da ya kira Liu Bei ya taimake shi. A 214 mai gida ne ya buɗe ƙofar Chengdu ya miƙa wuya ga baƙonsa.

Da an zo nan, masanin tarihi zai gyara zama, domin kowane dandali yana da nasa. Shi ba ya ganin ƙasar Sin a taswirar, Zamfara yake gani. Zai tuna wa jama'a cewa Gobirawa ma da baƙunta suka shigo, aka ba su wurin zama, Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa, sannan a tsakiyar ƙarni na 18 ya juyo ya ci Birnin Zamfara, sarautar ta yi ta yawo kafin ta zauna a Anka. Alƙalawar ita ma ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Gaskiya yake faɗa, sai dai ba ya sanin lokacin tsayawa, kuma in aka ba shi linzami ba ya kai shekara biyu ta wasa.

Ba a cika yi wa ɗan kamun ƙafa dariya mai yawa ba a wannan yanki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙauyuka da dama na Zamfara sun san abin da ake nufi da a tara kuɗi a kai wa mai bindiga don a samu a shiga gona, sun kuma san yadda irin wannan sulhu ke ƙarewa. Akan yi shiru kaɗan, sai wani ya ce a ci gaba da wasa.

Mafaraucin barade shi ba birni ne damuwarsa ba, mutane yake so, kuma manya. Yana da barade uku, maimakon ya sa su aiki, kullum suna hanya ɗauke da takardar zawarci zuwa ga jaruman wasu. Babban burinsa Lü Bu, mai jarumta 100. Kowa ya gargaɗe shi: mutumin nan ya kashe ubangidansa Ding Yuan a 189, ya kashe Dong Zhuo a 192, ya ƙwace wa Liu Bei gari bayan shi Liu Bei ya ba shi masauki. Mafarauci ya ce ai ba su iya riƙe shi ba ne. In Allah ya sa ya same shi, rabin kuɗin garin a kyautar Lü Bu zai tafi, idonsa kullum kan makin biyayya. Ran da ya shagala, sai ya ga rundunar da ya fi ji da ita ta sauya tuta a tsakiyar fage.

Mai sebin da lodi ba a taɓa cin shi yaƙi ba, a faɗarsa. Kafin kowane motsi sai ya yi sebin, wato ya adana wasan. Ya aika a zawarci barde, an ƙi, ya yi lodi, ya koma inda ya adana. An kama masa janar, lodi. Fara ta ci gona, lodi. Yana iya kwashe yamma guda kan kwanaki goma na wasa, batir na ƙonewa, mai shagon caji na ƙara lissafi. A tarihin da yake bayarwa babu asara ko ɗaya, shi ya sa babu mai son sauraronsa.

Ya fi ɗan algus dama. Wasan ya ba da damar mutum ya ƙirƙiri baradensa, to ɗan algus sai ya ƙera goma, ya sa musu sunansa da na abokansa da na ƙanensa, kowanne 100 a komai, ya zuba su a garin Liu Du ko Jin Xuan, waɗancan ƙananan gwamnonin kudancin jihar Jing. Kwana biyu ya shigo majalisa yana shelar ya haɗe ƙasar Sin da gwamnan da ya fi kowa rauni. A ce ya buɗe jerin baradensa a gani, sai ya ce caji ya ƙare.

Cajin nan shi ne mafakar mai uzuri. An ɗauke wuta, janareto ya shaƙe, rana ba ta bugi sola da kyau ba, ƙanensa ya taɓa masa wani abu. Da ba don haka ba, da tuni yana Luoyang.

Wanda ya fi kowa yawa kuwa bai taɓa riƙe linzami ba. Yana tsaye bayan kujera, hannu ɗaya a kafaɗar mai wasa, ɗayan yana nuna allo har yana barin shatin yatsa. "Kai aboki, mi ya kai ka nan? Ka kai hari gabas!" In an kai aka yi nasara, shawararsa ce. In aka sha kashi, ai ba haka ya ce a yi ba. Liu Bei sai da ya taka har sau uku zuwa gidan Zhuge Liang a 207 kafin ya samu shawararsa. Wannan ba a gayyace shi ba, kuma ba ya tafiya sai an rufe kwamfuta. Ɗan kallon dara ne sak, sai dai a dara akwai dattijon da zai daka masa tsawa.

Cikin ƙananan sarakunan nan na ainihi, wanda ya fi fita da mutunci shi ne Zhang Lu na Hanzhong. Da Cao Cao ya taso masa a 215, mutanensa suka ce a ƙone rumbuna kafin a gudu. Ya ƙi, ya sa aka rufe su aka bar su cike, daga baya ya miƙa wuya. Cao Cao ya ba shi sarauta, ya ba 'ya'yansa. A ganin mai wannan rubutu, da ana raba maki da adalci, shi ya kamata ya zo na ɗaya. Amma wasan bai san wannan ba: wanda ya rasa birninsa na ƙarshe ya faɗi, ko ya ƙone rumbu ko ya bari.

Su ma manyan da ake gudu babu wanda ya ci. Daular Han ta ƙare a 220, ƙasa ta rabu uku tsakanin Wei da Shu da Wu, aka yi ta gwabzawa. Wanda ya haɗe ta a 280 jikan Sima Yi ne, shi kuwa Sima Yi ma'aikaci ne a fadar Cao Cao.