Kunnen Akuya da Gyat ɗin Alhaji

Mu dai a Tamale ba a zane muke zaɓen shingen ƙarfe ba. Babur muke hawa bayan la'asar, mu zaga Kalpohin da Vittin inda sababbin gidaje ke tashi, muna rage gudu a ƙofar mutane kamar masu cigiyar rago. Shingen da ya burge mu, mu ɗauke shi a waya, washegari sai Lamashegu wajen masu walda.

"Masta, irin wannan nake so, amma nawa ya ɗan ɗara shi tsawo."

"Alhaji, miliyan hamsin za ka kawo."

Baƙo ya ji wannan sai ya nemi wurin zama. Tun 2007 aka datse sifili huɗu daga sidi, amma bakinmu bai datse ba, sidi dubu biyar Masta yake nufi. A yi ta ja, ya ce ƙarfe daga Tema yake tahowa kuma mota ba da ruwa take tafiya ba, kai kuma ka rantse maƙwabcinka rabin haka ya biya, alhali ba ka taɓa tambayarsa ba.

Wajen ado ne hankalinmu ke tafiya. A kafa kawunan māsu a sama, a shafa musu ruwan gwal, a lanƙwasa fure a tsakiya. Mutanen Kumasi alamar Gye Nyame suke mannawa a gyat, mu kuwa wata da tauraro. Kaurin bututun da aka yi aikin da shi, da jan fentin da ake fara shafawa don tsatsa, waɗannan ba mai tambaya. Ga shi daga Disamba hunturu zai cusa jar ƙura cikin kowace lanƙwasa, damina ta zo ta jiƙa ta, kafin shekara biyu furen ya soma zubar da ɓawo. Ni a ganina duk lanƙwasa guda aiki ne aka ƙara wa yaran gida, da tsumma da bokiti.

Mai yanke hukunci na gaskiya kuwa akuya ce. Akuyar Tamale gajera ce, ga naci, kuma ba ta san gidan Alhaji ba. In tazarar sanduna ta wuce yatsa huɗu, 'yarta za ta kutsa ta gama da zogale da dashen mangwaro. Uwar ta tura kai, ƙaho ya maƙale, ta tara unguwa da kuka tsakar rana. Shi ya sa tsofaffin masu walda ke matse sandunan ƙasa ko ba ka ce ba, wanda ya ƙi kuma ya dawo sayen raga.

Sai a kafa shinge, a yi fenti, a zo taya murna. Ran nan Hajiya ta fito shanya ta ga duk mai keken yalo-yalo da ya gifta yana ƙirga tukwanenta.

"Alhaji, yanzu a titi muke kwana ke nan?"

Kakanninmu a zango katangar ƙasa suka yi da zaure, baƙo ya yi sallama ya jira. Mu muka biya miliyoyi don a gan mu, sannan mu koma wajen Masta ya liƙa mana kwano ta ciki, baƙi wuluk, furen ma ba ya fitowa. Wanda aljihunsa ya huce ya ɗaura zana da waya, ya ce na wucin gadi ne kafin babbar Sallah.